Yadda Ake Duba Motar Iyali Mai Layi Uku: A Fara Daga Baya

Yawancin masu sayen motar iyali ta ƙofar direba suke shiga. Mutum ya zauna, ya kama sitiyari, ya latsa allon da ke gabansa, sanyin esi ya bugi fuskarsa, sai ciniki ya faɗa a ransa tun bai waiwaya ba. Alhali mutum ɗaya ne zai zauna a wannan kujera. Sauran shida ko bakwai galibinsu a baya suke, kuma dominsu aka ƙera motar. Don haka mu ta ƙofar but za mu fara, mu bi layi bayan layi har mu iso wurin direba.

Motar da ake magana a kanta ita ce mai layin kujeru uku da ƙofofin gefe masu zamewa, irin su Toyota Sienna da Alphard, Honda Odyssey, Kia Carnival, Chrysler Pacifica da Volkswagen Sharan. Kamfanin Chrysler ne ya fito da wannan fasali a Amurka a 1983 da Dodge Caravan da Plymouth Voyager, shekara ɗaya bayan haka Renault ya fitar da Espace a Faransa. Abin da ya raba ta da ƙaramar bas shi ne injinta yana can gaba, direba ba a kansa yake zaune ba, saboda haka akwai ƙarfen da zai lanƙwashe ya sha dukan kafin ya iso ƙafafun mutane. Benenta kuma yana ƙasa, yaro da tsoho suna shiga ba tare da an ɗaga su ba.

Mataki na farko: ƙirga mutanenka kafin ka je wurin mota

Ɗauki takarda ka rubuta waɗanda za su riƙa shiga motar a tafiya mafi cika da kuka saba yi, da shekarun kowa. Jarirai nawa ne? Nawa ne ba su kai tsayin da bel zai zauna musu daidai ba? Akwai dattijo mai ciwon gwiwa, ko mai keken guragu?

Yawan mutanen da mota ke ɗauka shi ne yawan bel ɗin da ke cikinta, ba faɗin kujera ba. Mai kujeru bakwai galibi tana da kujeru biyu rarrabe a layin tsakiya da hanya a tsakaninsu, mai takwas kuwa tana da mazauni na uku a wurin hanyar. Idan yaranka sun fara girma, hanyar nan tana da amfani sosai, domin suna wucewa baya ba sai an ture kujera ba. Idan ku takwas ne, to ku takwas ne, kada ka sayi mai bakwai da niyyar a riƙe ƙarami a cinya. Hannun uwa, komai ƙarfinsa, ba ya iya riƙe yaro a lokacin karo.

Akwai kuma wata 'yar takarda da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba, wadda mutane ƙalilan ke karantawa. Ita ke faɗin iyakar nauyin mutane da kaya gaba ɗaya. A ce ta rubuta kilo 550: manya bakwai masu kilo 70 kowanne sun cinye 490, saura 60 kacal na akwatuna. Yi wannan lissafi da iyalinka tun a nan.

Mataki na biyu: but da layin ƙarshe

Buɗe but alhali kujerun layi na uku suna tsaye. Mai sayarwa zai so ya nuna maka shi a naɗe, don wurin ya yi kama da ɗaki, amma kai da mutane a zaune za ka riƙa tafiya. Abin da ya rage a bayan kujerun shi ne but ɗinka na gaskiya. A manyan motocin wannan aji akwai rami mai zurfi a wurin, wanda kujerun ke kwanciya a ciki idan an naɗe su, idan kuma suna tsaye sai ya zama ma'ajiyar kaya. Idan kana da keken tura jariri, zo da shi ka saka ka rufe ƙofar ka gani.

Naɗe kujerun da hannunka, ka sake tayar da su, sau biyu ko uku. Saurari ƙaran kamawar makulli a duk lokacin da ka tayar, sannan ka jijjiga kujerar da ƙarfi. Kujerar da ba ta kama sosai ba, ranar da aka taka birki da gaggawa za ta taho gaba da wanda ke kanta. A motocin Chrysler tun daga samfurin 2005 har layin tsakiya yana shigewa cikin bene, tsarin da suke kira Stow 'n Go. Dabara ce mai kyau ga mai yawan ɗaukar kaya, sai dai kujerar da aka yi don ta naɗe ta shige rami ba ta kaurin katifa kamar wadda ba ta naɗewa, kuma bayan mutum yana gane hakan a doguwar tafiya. Pacifica mai cajin lantarki ma ba ta da wannan tsari a layin tsakiya, domin batir ne ya mamaye ramin.

Yanzu shiga ka zauna a can ƙarshe, kai da kanka, ka sa wani ya rufe ƙofa. Gwiwarka ta tokare kujerar gaba? Kanka yana taɓa rufi? Duba abubuwa huɗu a inda kake: ko kowane mazauni yana da bel mai bi ta kafaɗa da ƙugu, har da na tsakiya, wanda sau da yawa daga rufi ake janyo shi, ko kowane mazauni yana da matashin kai, domin masu motar hannu sukan cire su su ɓatar, ko akwai kafar iskar esi a rufi ko a gefe, sannan ko jakar iska ta labule, wadda ke saukowa ta rufe tagogi a karon gefe, ta kai har nan. Za ka ga rubutun SRS ko AIRBAG a ginshiƙin baya idan akwai ta. Wasu tsofaffin samfura ba su da ita sam, wasu kuma a layi na biyu ta tsaya.

Kafin ka bar baya, tambayi inda safaya taya take. Kada ka yi mamaki idan an sha wahalar nemanta. A wasu tana cikin bangon but, a wasu tana ƙarƙashin mota a tsakiya, sai an warware wani ƙarfe daga ciki take saukowa. Sienna mai jan tayoyi huɗu ta shekarun da suka gabaci 2021 ba ta zo da safaya ba kwata-kwata, an sa mata tayoyin da ke iya ɗan tafiya bayan sun sace. Idan wanda ya riƙe ta kafin kai ya musanya su da taya ta yau da kullum, to ranar da ƙusa ta same ka babu abin da za ka ɗaura.

Mataki na uku: layin tsakiya da kujerun yara

Nan ne ya kamata ka fi daɗewa.

Tura yatsunka cikin tsagar da ke tsakanin mazauni da majingina. Za ka taɓa wasu ƙananan ƙarafa biyu masu kama da hannun ƙofa, a manne da jikin kujerar. Su ne maɗauran kujerar yaro, waɗanda a Turai ake kira ISOFIX, a Amurka kuma LATCH, inda aka wajabta su a sababbin motoci tun Satumbar 2002. A bayan kujerar, ko a ƙasanta, akwai maɗauri na uku mai alamar ƙugiya, na igiyar sama. Ƙirga mazaunai nawa ne ke da su, har da layi na uku, domin ba kowane mazauni ke da su ba, kuma wannan ƙidaya ce za ta nuna maka wa zai zauna a ina.

Abu mafi kyau shi ne ka zo da kujerun yaranka ka ɗaura su a motar kafin ka biya kuɗi. Ga yadda ake yi. Ajiye kujerar a mazauni, ka maƙala ƙugiyoyinta biyu a ƙarafan nan har ka ji sun kama. Danna ta ƙasa da gwiwa ko tafin hannu, ka ja igiyar ta ɗame. Sai ka kama ta daidai inda igiyar ta ratsa, ka girgiza hagu da dama, gaba da baya. Idan ta motsa fiye da santimita 2.5, ba ta ɗauru ba, kwance ka sake. Idan mai kallon gaba ce, ɗaura igiyar sama ma. Mutane da yawa suna barin wannan igiya tana lilo, alhali ita ce ke hana kan yaro wurgawa gaba a lokacin karo.

Maɗauran nan suna da iyaka. A tsarin Amurka, idan nauyin yaro da na kujerarsa a haɗe ya wuce kilo 29.5, sai a koma ɗaure kujerar da bel ɗin mota. A tsarin Turai iyakar kilo 33 ce. Ɗaurewa da bel ba ta kasa ɗaurewa da maɗauran inganci ba matuƙar an yi ta daidai, kuma ɗaya ake zaɓa, ba a haɗa biyun sai littafin kujerar ya yarda.

Jariri baya yake kallo. Kansa ya yi wa wuyansa nauyi, kuma idan yana kallon baya majinginar kujerar ce ke tallafe kai da wuya da gadon baya lokaci guda. Ƙa'idar Turai ta ce aƙalla har ya kai wata 15, likitocin yara kuwa suna cewa a bar shi haka har sai ya kai iyakar tsayi ko nauyin da kujerar ta ƙayyade. Iyaye kan damu da ganin ƙafafun yaro a lanƙwashe suna taɓa majingina. Wannan ba komai ba ne, yaro yana naɗe ƙafa ya yi barcinsa. Abin da ba a yi, ko sau ɗaya, shi ne a sa kujera mai kallon baya a mazaunin gaba alhali jakar iska tana aiki, domin idan ta fashe kan jaririn kai tsaye za ta daka.

Bayan ka sa yaro a ciki, ja igiyoyin kafaɗa, sannan ka gwada tsunkule igiyar da yatsu biyu a saman kafaɗarsa. Idan ta tsunkulu, da saura. Cire masa riga mai kauri kafin ka ɗaure shi, domin kaurin rigar yana ɓoye sako-sako.

Akwai wani rukuni da aka fi mantawa da shi: yaran da suka fi ƙarfin kujerar jarirai amma ba su kai girman bel ba. Bel an auna shi ne da jikin babba. A jikin yaro ɗan shekara shida, na kafaɗa yana bi ta wuya, na ƙugu yana hawa ciki, shi ya sa za ka ga yaron ya tura bel ɗin bayansa ko ƙarƙashin hammata. Maganin wannan shi ne matashin ƙarin tsayi, har sai yaro ya kai wajen santimita 145, ya iya jingina sosai gwiwoyinsa na lanƙwashe a bakin kujera, bel ya ratsa tsakiyar kafaɗa da saman cinya. Duk wanda bai kai shekara 13 ba kuma, wurinsa baya.

Da kujerun yara a ɗaure, gwada abu na ƙarshe: shin ana iya shiga layi na uku? A motoci da yawa kujerar tsakiya sai ta kifa gaba kafin a wuce, kuma ba ta kifuwa da kujerar jariri a kanta. Odyssey daga samfurin 2018 tana da kujerun tsakiya masu zamewa gefe don warware wannan matsala. A sauran, ko dai ka samu hanyar tsakiya, ko ka bar gefe ɗaya babu kujerar yaro.

Mataki na huɗu: ƙofofi da tagogi

Ƙofa mai zamewa ita ce babbar ni'imar wannan mota. Yaro ba zai banko ta ta daki motar maƙwabci ba, kuma a wurin fakin mai matsi kana iya sunkuyawa ka ɗaure jariri ba tare da ƙofa ta tokare maka baya ba. Amma idan mai lantarki ce, tana cikin abubuwan da suka fi saurin lalacewa: waya ce da ƙaramin moto da tayoyi a kan layi, ƙura da tsufa suna cin su.

Buɗe kowace ƙofa ta duk hanyoyin da ake buɗe ta, da makulli, da maɓallin direba, da hannun ciki da na waje. Tafiyarta ta zama sumul, babu ƙara, babu tsayawa a rabi. Sai ka naɗe tawul ka riƙe shi a bakin ƙofar tana rufuwa. Ya kamata ta taɓa shi ta koma da baya. Da tawul, ba da hannunka ba. Yi haka da gilasan taga da ƙofar but idan ita ma mai lantarki ce. Nemi ɗan makullin yara a gefen ƙofar, ka kunna, ka shiga ka tabbatar ba ta buɗuwa daga ciki.

Mataki na biyar: jin daɗin zama

Kunna esi, ka ƙure shi, ka koma layin ƙarshe ka jira. Cikin wannan mota yana da girma kuma gilashi ya kewaye shi, don haka iskar gaba ba ta isa baya. Galibinsu suna da na'urar sanyaya ta biyu a can baya, da bututu masu tsawo da ke bi ta ƙarƙashin mota. Idan bututun suka fara yoyo, wasu masu gyara sukan toshe layin baya gaba ɗaya, gaba ya ci gaba da sanyi, mai saye kuma ba ya ganewa sai ranar da yara suka fara kukan zafi. Sa hannu a kowace kafa ka ji ko iskar mai sanyi ce, ba fanka kawai ba.

Labulen taga na cikin ƙofa, wurin cajin waya, ma'ajiyar kofi, waɗannan duk suna da daɗi kuma ido yana ganinsu. Allon kallo na rufi kuwa, a ganina, bai cancanci ƙarin kuɗi ba. Shi ne ke fara tsufa a motar, kuma yaron da ke kallon allo a hanya mai kwana-kwana shi ne ke fara jin tashin zuciya. Wanda ke da wannan lalura a cikin yaranka, sa shi a layin tsakiya inda yake hangen titi, domin layin ƙarshe a kan tayoyin baya yake kuma ya fi ko'ina jijjiga. Rufin gilashi ma haka: yana rage tazarar kai, yana ƙara zafi, magudanansa kuma idan suka toshe ruwa ciki yake zuba.

Idan akwai dattijo a gidan, shi ne alƙalin tsayin matakala da wurin kamawa. A kawo shi ya shiga ya fita da kansa.

Mataki na shida: sai yanzu wurin direba

Murɗa makulli ba tare da ka tayar da injin ba, ka zuba ido a dashbod. Fitilun gargaɗi duka za su kama: na jakar iska, na ABS mai hana taya ƙullewa idan an taka birki, na injin, na hana santsi. Tayar da injin, su mutu bayan 'yan daƙiƙoƙi. Fitilar da ta ƙi mutuwa matsala ce. Wadda ba ta kama ba tun farko ta fi ta muni, domin alama ce ta an cire ƙwan ko an rufe shi don a ɓoye wani abu.

Cikin duk na'urorin kariya, wadda ba zan sayi irin wannan mota babu ita ba ita ce mai hana mota juyawa, wato ESC. Toyota na kiranta VSC, Honda VSA, Volkswagen ESP. Aikinta shi ne, idan ka kauce wa wani abu da sauri motar ta fara karkacewa, sai ta taka wa taya ɗaya birki ita kaɗai ta dawo da motar kan hanya, tun kafin kai ka gane abin da ke faruwa. Mota mai tsayi, mai nauyin kusan tan 2, cike da mutane, ta fi ƙaramar mota bukatar wannan. Amurka ta wajabta ta daga samfurin 2012, Tarayyar Turai kuma a duk sababbin motoci daga Nuwambar 2014. Wadda ta girmi waɗannan shekaru sai ka bincika, kada ka ɗauka tana da ita.

Kyamarar ribas tana biye mata. Tsawon manyan motocin nan ya ɗan haura mita 5, kuma ƙaramin yaron da ke tsaye dab da bamba ba ya fitowa a kowane madubi. A Amurka ta zama dole tun Mayun 2018, kuma ana iya sa wa tsohuwar mota. Sababbin samfura suna da birkin gaggawa mai taka kansa, da mai gargaɗin motar da ta ɓuya a gefe, da mai lura da layin titi. Na farkon yana da daraja ƙwarai. Na ƙarshen sai inda fentin titi ya fito sosai yake aiki.

Daidaita zamanka: tsakanin ƙirjinka da sitiyari a samu aƙalla santimita 25 saboda jakar iska, saman matashin kai kuma ya yi daidai da saman kanka. Leƙa ta gefen ginshiƙan gaba, masu kauri ne a irin wannan mota, suna iya ɓoye mai tafiya a ƙasa ko mai babur a kwana.

Mataki na bakwai: tarihin motar

Kowace mota tana da lambar shaida mai haruffa da lambobi 17, VIN, a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma jikin ginshiƙin ƙofa. Su yi daidai da juna da kuma takardu. Da wannan lamba ake duba ko kamfani ya taɓa kiran motar don gyaran wani lahani, da ko an yi gyaran. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Jakunkunan iska na kamfanin Takata, waɗanda aka sa a miliyoyin motoci na kamfanoni daban-daban, sinadarinsu yana lalacewa a zafi da laima har ya tarwatsa ƙarfe cikin mota. A 2016 Toyota ta kira Sienna na 2011 zuwa 2016 saboda ƙofar gefe da ke iya buɗewa ana cikin tafiya, a 2017 kuma Honda ta kira Odyssey na 2011 zuwa 2017 saboda kujerun tsakiya da ba sa kamawa sosai.

Duba sakamakon gwajin karo na ainihin shekarar motar, a wurin Euro NCAP, mai gwajin karo ta Turai, ko hukumomin Amurka biyu, NHTSA da IIHS. Suna ɗaya ba ya nufin ƙarfi ɗaya. A 2014 IIHS ta gwada motocin wannan aji da karon da ke samun ƙuryar gaba kawai, kamar mota ta daki turken lantarki da gefen fitila. Odyssey, wadda aka gwada tun 2013, ta fito da sakamako mai kyau, Sienna ta samu matsakaici, Nissan Quest da Dodge Grand Caravan da Chrysler Town & Country kuwa suka faɗi. Taurarin shekarun baya ma ba a kwatanta su da na yanzu, domin gwajin yana ƙara tsanani.

Duk wannan sakamako na motar da ba ta taɓa haɗari ba ne. Don haka sai ka sa bakanike ya ɗaga ta, ya nemi alamar walda, da tsatsa, da ƙarfen da aka miƙar. Ja kowane bel har ƙarshe ka duba ko ya zare ko yana da tabon laka, alamar ruwa ya taɓa cinye motar, sannan ka fizge shi ka ga ya ƙulle.

Mataki na takwas: gwajin tuƙi da lodi

Motar iyali ba a gwada ta fanko. Cika ta da mutane, ka ba wani tuƙi na ɗan lokaci ka zauna a baya. Ku bi ta gargada ka ji ko bayan motar yana dukan ƙasa ko yana ta lilo bayan an wuce rami, alamar shok ya mutu. Ku hau tudu ka ji yadda giya ke canzawa, domin giya ce ke shan wahalar nauyin wannan mota, fizga ko jinkiri kuma gyara ne mai tsada ke tafe. A fili marar mutane, bayan ka gargaɗi kowa, taka birki da ƙarfi. Karkarwar da za ka ji a ƙafarka ABS ne ke aiki, kada ka ɗaga ƙafa. Motar ta tsaya a miƙe ba tare da ta ja gefe ba.

Tambayi ko injin bel na roba yake amfani da shi wajen tayimin, wato daidaita motsin sassan cikin injin, ko sarƙa. Injin Odyssey mai silinda 6 bel ne, ana canza shi wajen kilomita 160,000 ko shekara 7, idan ya tsinke kuma yana iya lalata injin. Sienna mai lita 3.5, daga 2007, sarƙa ce, mai lita 3.3 da ta gabace ta kuwa bel. Daga samfurin 2021 duk Sienna mai haɗa fetur da batir ce, tana shan mai kaɗan sosai, sai dai ka tabbatar akwai wanda ya iya gyaranta a kusa da kai.

Mataki na tara: bayan ta zama taka

Taya ce farko. Iskar da ta dace tana rubuce a takardar jikin ƙofa, ba lambar da ke jikin taya ba, kuma da sanyin taya ake aunawa, sau ɗaya a wata da kafin kowace doguwar tafiya. A gefen taya akwai lambobi huɗu na ranar ƙira: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Daga shekara 6 a fara sa mata ido ko da zanenta bai cinye ba, ta shekara 10 kuwa a cire ta. Zurfin zane kada ya gaza milimita 1.6. Idan za ka sayi sabuwa, duba lambar nauyi da ke bin girman taya: 102, alal misali, na nufin kilo 850. Tayar ƙaramar mota tana iya shiga rim ɗin amma ba za ta ɗauki lodin ba. Man birki kuma a canza shi duk shekara 2, domin yana shan laima.

Wajen lodi, mai nauyi a ƙasa, a jingine da bayan kujera, kada kaya su wuce tsayin majingina. A wannan mota babu bango tsakanin but da kawunan yara, duk abin da ba a ɗaure ba yana tashi idan an yi karo. Kayan saman rufi su zama marasa nauyi, domin suna ƙara wa motar saurin karkata a kwana. Kada a yi tafiya da ƙofar but a buɗe, hayaƙin salansa ciki yake dawowa, kuma gubar da ke cikinsa ba ta da wari. A gudun kilomita 100 a awa, mota tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, idan kuma gudu ya ninka biyu tazarar birki tana ninka huɗu. Bar daƙiƙa 3 tsakaninka da na gaba, ka ƙara idan motar ta cika ko ana ruwa.

Kowa ya ɗaura bel, har da na can ƙarshe, domin babban da bai ɗaura ba a baya kan na gabansa yake faɗawa. Kafin ka yi ribas a gida, ka san inda kowane yaro yake, ko da kana da kyamara.

Sai batun zafi. Motar da aka kulle a rana, zafin cikinta yana ƙaruwa da digiri 10 ko fiye cikin minti 10, sauke gilashi kaɗan ba ya hana hakan, jikin yaro kuma ya fi na babba saurin ɗaukar zafi nesa ba kusa ba. A mota mai layi uku da gilashi mai duhu, yaron da ya yi barci a ƙuryar baya ba a ganinsa daga waje, kuma idan an sauka da yawa kowa yana zaton wani ne ya ɗauko shi. Wasu sababbin samfura suna ƙara idan an buɗe ƙofar baya a farkon tafiya ba a sake buɗe ta ba a ƙarshe. Ko da wannan ko babu, direba shi ne na ƙarshen barin mota: ya leƙa layi na biyu da na uku, ya ƙirga yaran a waje, ya kulle, ya ajiye makullin inda hannun yaro ba ya kaiwa, domin ƙofa mai buɗewa da latsa maɓalli ko ɗan shekara uku yana iya buɗe ta ya shiga.